Shawara Ɗaukar Ɗaki, Amma Ɗakin Wa?

Mu Hausawa mukan ce shawara ɗaukar ɗaki. Duk wanda ya taɓa ganin yadda ake aza jinka a ƙauye ya san abin da ake nufi. Idan an gama haɗa ta a ƙasa sai a kira maƙwabta, kowa ya kama gefe, a ɗaga gaba ɗaya a ɗora bisa bango, domin mutum ɗaya komai ƙarfinsa ba ya iyawa. To amma akwai abin da karin maganar ba ta faɗa ba. Maƙwabtan nan ba su ne suka zaɓi inda za a kafa ɗakin ba, ba su auna faɗinsa ba, kuma da zarar jinka ta zauna kowa zai karkaɗe hannunsa ya koma gida, in ɗakin ya yi yoyo da damina mai shi ne zai kwana a zaune. Abin da muke so mu tattauna da mai karatu a wannan fitowa shi ne, idan ɗakin na gari ne baki ɗaya, kuma rushe shi aka yi da mutane a ciki, wa ya cancanci a tambaya kafin a sake ginawa? In kuma an tambaye shi, wajibi ne a yi abin da ya ce?

Misalin da za mu ɗauka na nesa ne, amma babu mai sauraron rediyo da bai san shi ba. Ranar 11 ga Satumba, 2001, 'yan ƙungiyar Alƙa'ida suka sace jiragen sama na fasinja, suka afka da biyu daga cikinsu kan tagwayen benayen Cibiyar Kasuwanci ta Duniya da ke birnin Niyu Yok a Amurka. Kafin awa biyu ta cika, benayen nan masu hawa 110 kowanne sun zube ƙasa. Mutum 2,753 aka lissafta sun rasu a sanadiyyar abin da ya faru a wurin. Sai a ƙarshen watan Mayu na 2002 aka gama kwashe ɓaraguzai, ya rage wani ƙaton rami a cikin fili mai faɗin eka 16, a tsakiyar unguwar hada-hadar kuɗi ta kudancin Manhatan. Gardamar abin da za a yi da wurin kuwa, tun hayaƙi bai gama lafawa ba aka fara ta.

Yana da kyau mu tuna cewa lokacin da aka gina benayen tun farko, ba a damu da ra'ayin mutanen unguwar ba. Wurin a da cike yake da ƙananan kantuna, akasarinsu na masu sayar da rediyo da kayan gyaransa. Da hukuma ta ce za ta tashe su, suka kai ƙara kotu, ba su yi nasara ba, aka fara rusa kantunan a 1966. Da aka buɗe benayen a 1973, bisa zanen Minoru Yamasaki, masana harkar gini da yawa kushe su suka yi, har ana yi musu ba'a cewa sun yi kama da akwatunan da aka ɗauko wasu kyawawan benaye na birnin a ciki. A hankali ne ido ya saba da su. Abin da ya fara sanya su a zukatan jama'a har da wasan wani Bafaranshe mai suna Philippe Petit, wanda ya ɗaura waya daga kan wannan bene zuwa kan wancan a watan Agusta na 1974, ya yi ta kai da kawo a kanta mutane na kallo daga ƙasa. Ke nan abin da aka wayi gari ana kuka a kansa a matsayin tambarin birni, da ƙarfin hukuma aka dasa shi, bisa kufan wasu mutane da ba wanda ya saurari kukansu. Wannan kaɗai ya isa ya sa mu yi hattara da kalmar nan "abin da jama'a ke so", domin son jama'a yana da jiya, yana da yau, kuma ba lalle ne su zo ɗaya ba.

Su waye masu haƙƙi a kan ramin? A takarda, filin mallakar Hukumar Tashoshin Jiragen Ruwa ta jihohin Niyu Yok da Niyu Jasi ne, wadda gwamnonin jihohin biyu ke naɗa shugabanninta. A watan Yuli na 2001, kimanin mako bakwai kafin harin, hukumar ta ba wani dillalin gidaje mai suna Larry Silverstein hayar benayen ta shekara 99 a kan dala biliyan 3.2. Bayan sun rushe yarjejeniyar ba ta rushe ba: ya ci gaba da biyan haya ta wajen dala miliyan 10 kowane wata a kan gine-ginen da babu su, yana kuma da iko, har ma da nauyi, na mayar da ofisoshin da aka rasa. Ga kuma iyalan mamata, waɗanda a wurinsu filin maƙabarta ce, kuma ba da baki kawai ba, tunda kimanin kashi 40 cikin 100 na waɗanda suka rasu ba a iya tantance ko da tsoka ɗaya ta jikinsu ba. Ga mazauna unguwar da ke son tituna da kantuna da makarantu su dawo, ba su son a mayar da ƙofar gidansu wurin zaman makoki na har abada. Ga masu ƙananan sana'o'i da cinikinsu ya mutu. Bayan waɗannan duka ga sauran Amurkawa da suka ɗauki harin a matsayin hari a kan ƙasarsu, da ma mutanen ƙasashe fiye da 90 da suka rasa 'yan'uwa a ranar. Kowane ɗaya daga cikinsu in ya tashi ya ce "wurin nan nawa ne", bai yi ƙarya ba.

Gwamnan jihar na lokacin, George Pataki, da magajin gari Rudolph Giuliani, suka kafa wata hukuma a ƙarshen 2001 domin raya kudancin Manhatan. Ranar 16 ga Yuli, 2002, aka fito da tsare-tsare guda 6 na yadda za a raba filin. Kwana huɗu bayan haka, ran Asabar 20 ga wata, aka yi wani taro da ba a saba ganin irinsa ba a zauren Javits, aka sa masa suna da ma'anar sauraron birni. Fiye da mutum 4,000 suka hallara. Aka zaunar da su goma-goma a tebur, baƙo da baƙo, ɗan kwana-kwana kusa da ɗan kasuwa, uwar da ta rasa ɗa kusa da ɗalibi. Kowane tebur da mai jagorantar hira da kwamfuta da ake shigar da abin da aka faɗa, kowane mutum kuma da 'yar na'ura mai maɓallai a hannu, in an yi tambaya ya danna, nan take sakamako ya fito a manyan alluna. Kafin yamma hukunci ya bayyana: jama'a ba su son ko ɗaya daga cikin shidan. Suka ce an cushe filin da ofisoshi, babu abin da zai ɗaga ido ko zuciya. Suka nemi a mayar wa sararin samaniyar birnin da wani dogon abu da za a riƙa hangowa, a bar sawun benayen biyu ba gini a kai, a sake buɗe titunan da aka toshe tun lokacin ginin farko, a kuma yi gidajen zama masu sauƙin haya. Cikin 'yan makonni hukumar ta jingine tsare-tsaren, ta buɗe neman sababbin zane daga ko'ina a duniya.

A ganinmu wannan rana abin yabo ce, kuma ba ma cikin masu cewa taron tsintsiya ne ba shara. Mutane dubu huɗu da ba su da muƙami sun sa manyan hukumomi sun janye abin da suka riga suka buga suka rarraba. Sai dai idan muka duba da kyau za mu ga inda gizo ke saƙa. Dalilin da ya sa tsare-tsaren shida suka yi kama da juna kamar 'ya'yan uwa ɗaya shi ne, an gindaya wa masu zanen sharaɗi tun kafin su ɗauki fensir: dole kowane tsari ya ƙunshi ofisoshi masu faɗin murabba'in ƙafa miliyan 11, ban da kantuna da otal, domin daga nan ne kuɗin haya ke fitowa. Wannan sharaɗi, wanda shi ne ƙashin bayan maganar, ba a kawo shi gaban taron don a yanke hukunci a kansa ba. An tambayi jama'a yadda za a jera kayan, ba a tambaye su ko kayan sun yi yawa ba. Su da kansu ne suka hango, suka faɗa. An ɗan sassauta adadin daga baya, amma yarjejeniyar hayar tana nan daram, kuma ita ce ta ci gaba da jan ragamar komai.

A watan Disamba na 2002 aka baje kolin zane 9 daga ƙungiyoyi 7 na masana. Jama'a suka yi ta tururuwa zuwa kallo, suna cike takardun ra'ayi. Da yawa sun karkata ga zanen Baturen Ingila Norman Foster, mai dogayen benaye biyu da ke taɓa juna, amma bai kai zagayen ƙarshe ba. Biyu suka rage: na ƙungiyar su Rafael Viñoly, mai hasumiyoyi biyu na saƙar ƙarfe, da na Daniel Libeskind, haifaffen Folan, ɗan waɗanda suka tsira daga kisan kiyashin Nazi, wanda ya shigo Niyu Yok ta jirgin ruwa yana yaro. Kwamitin hukumar ya fi son na su Viñoly. Gwamna Pataki ya fi son na Libeskind, kuma a ƙarshen Fabrairu na 2003 na Libeskind aka sanar. Zanen yana da bene mai tsawon ƙafa 1,776, lambar shekarar da Amurka ta ayyana 'yancin kanta, ya kuma bar katangar kankaren nan ta ƙarƙashin ƙasa, wadda ta tare ruwan kogin Hudson bai malale ramin ba, a buɗe don a riƙa ganinta.

Daga nan labarin ya koma hannun masu kuɗi da masu tsaro. Silverstein, wanda kuɗin inshora za su shigo ta hannunsa, ya ce yana da nasa mai zanen, David Childs, kuma a Yulin 2003 shi aka ɗora a kan aikin benen. Aka aza harsashi da biki ranar 4 ga Yuli, 2004. A 2005 'yan sandan birnin suka ce benen ya yi kusa da babban titi, mota mai bam za ta iya isa gare shi, sai aka matsar da shi, aka sake zana shi da gindin kankare mai tsawon kusan ƙafa 200. Dutsen harsashin da aka aza da kaɗe-kaɗe ma sai da aka ɗauke shi. A 2009 aka ajiye sunan Hasumiyar 'Yanci da gwamna ya raɗa masa. Benen da aka buɗe a Nuwamba na 2014 bai riƙe kome daga siffar zanen Libeskind ba in ban da tsawonsa da ɓangaren filin da yake tsaye. Babu wani taron mutum 4,000 da aka kira a kan ko ɗaya daga cikin waɗannan sauye-sauye.

To, an yaudari jama'a ke nan? Mun daɗe muna juya wannan tambaya, kuma ba mu ga amsarta da sauƙi kamar yadda masu fushi ke gani ba.

Mu da muke karanta wa juna rubuce-rubucenmu a taron wata-wata mun san wani abu game da taron jama'a. Idan ɗan'uwa ya tashi ya karanta babi, mutum ashirin da ke zaune za su iya haɗuwa a kan cewa babin ya yi sanyi, kuma galibi gaskiyarsu ne. Amma a tambaye su yadda za a gyara, sai a sami amsa ashirin: wannan ya ce a kashe jarumin, wancan ya ce a aurar da shi, wani ya ce a fara daga ƙarshe. Marubucin da ya toshe kunnensa daga "a'a" ɗin da suka haɗu a kai ya cuci kansa. Wanda kuma ya ce zai cusa shawarwari ashirin ɗin duka a babi ɗaya, abin da zai fito ba zai karantu ba. Haka taron Javits yake. Ƙarfinsa yana wajen ƙi, da wajen nuna abin da ba a yarda a taɓa ba. Bai iya zana bene ba, bai iya lissafin nauyin ƙarfe ba, kuma ba shi za a kama ba idan gini ya faɗo a kan mutane. Dole a ƙarshe a sami wani mai suna da fuska da zai ce "wannan za a yi", wanda in abin ya ɓaci za a san ƙofar da za a ƙwanƙwasa. Saboda haka ba mu ga laifin gwamna don ya yanke hukunci ba. Aikin da aka zaɓe shi ya yi ke nan.

Inda muka ga laifi shi ne a kira mutum shawara alhali an ɓoye masa iyakar abin da shawararsa za ta iya taɓawa. Da an tashi a farkon taron an ce, "Jama'a, akwai yarjejeniyar haya da ba mu da niyyar warwarewa, akwai kuɗin da hukuma ke bukata don tafiyar da gadoji da tashoshi, akwai 'yan sanda da maganarsu za ta sha gaban taku, abin da ya rage a hannunku shi ne kaza da kaza", da wasu sun tashi sun fita, amma waɗanda suka zauna sun san a kan me suke zaune. Wanda aka nemi shawararsa ba ya bin bashin a yi abin da ya ce. Bashin da yake bi guda biyu ne: a gaya masa gaskiyar abin da ke kan faifai tun farko, sa'an nan a dawo a gaya masa abin da aka yi da maganarsa da dalilin yin hakan. Idan ba a biya wannan ba, to an ari fuskarsa ne don a ce an yi da jama'a. Mutanen da suka nemi gidaje masu sauƙin haya, alal misali, ba a gina gidan zama ko ɗaya a cikin eka 16 ɗin ba. Mai yiwuwa akwai hujja mai ƙarfi, amma hujjar da aka riƙe a ofis ba ta sauke nauyi ba.

Har ila yau, "jama'a" ɗin ma su waye? Wanda zai iya ba da yinin Asabar cur ya zauna a zaure yana danna maɓalli, ba shi ne mai sharar ofis da ke aikin dare ba, ba shi ne mai tallan abinci a bakin titi ba, balle baƙon haure da ke tsoron rubuta sunansa a takardar hukuma, alhali duk irin waɗannan akwai su cikin waɗanda harin ya kashe ko ya raba da abincinsu. Akwai kuma waɗanda ba yadda za a yi a gayyace su, watau waɗanda ba a haifa ba a 2002, waɗanda su ne za su fi kowa daɗewa suna ratsa wurin. Kowane taro, komai girmansa, yana magana ne da yawun waɗanda suka samu zuwa.

Akwai wata murya da ba ta taɓa yin shiru ba tun daga ranar farko, ta masu cewa a mayar da tagwayen yadda suke, ko ma a ƙara musu tsawo, don kada maharan su ga sun sauya fuskar birnin. A Mayun 2005 Donald Trump, wanda a lokacin dillalin gidaje ne kafin ya zama shugaban ƙasa, ya kira 'yan jarida ya goyi bayan wani zane na tagwaye masu hawa 111. Ba a taɓa sa wannan ra'ayi cikin jerin abin da hukuma ta kawo don zaɓe ba, kuma muna ganin ya kamata a ce an sa shi, ko da don a kayar da shi a fili. Wasu biranen ai haka suka yi. Da hasumiyar dandalin San Marko ta birnin Venice a Italiya ta zube a Yulin 1902, a daren ranar majalisar gari ta yanke cewa a mayar da ita yadda take a inda take, aka buɗe ta a 1912. Da tsinin majami'ar Notre-Dame ta Faris ya ƙone a Afrilun 2019, gwamnatin Faransa ta fara maganar gasar sabon zane, ra'ayin jama'a da na masana ya rinjaya, a 2020 aka koma ga tsohuwar siffa, aka sake buɗe majami'ar a Disambar 2024. Sai dai akwai bambanci babba. Hasumiyar Venice ba ta kashe mutum ko ɗaya ba, gobarar Faris ma haka. A Niyu Yok kuwa, mayar da benayen a gurbinsu na nufin kafa ofis a daidai inda dubban mutane suka ƙone, kuma wa zai yarda ya riƙa zuwa aiki hawa na 105 a kwafin ginin da aka taɓa kai wa hari sau biyu, a 1993 da 2001? Tun a ƙarshen Yunin 2002 gwamna ya yi wa iyalai alkawarin ba za a yi gini a kan sawun benayen ba. Da wannan alkawari maganar mayar da su yadda suke a inda suke ta mutu, ko da ba a sanar da jana'izarta ba.

Wannan ya kawo mu ga ɓangaren da ya fi nauyi, watau matsayin iyalan mamata. Shin baƙin ciki yana ba mutum ikon hana abin da sauran gari ke so? A 2003 aka yi gasar zanen wurin tunawa, aka sami zane 5,201 daga ƙasashe 63. A nan ba a ba jama'a ƙuri'a ba sam, alƙalai 13 aka naɗa, cikinsu da mace ɗaya da mijinta ya rasu a harin, da Maya Lin wadda ta zana bangon tunawa da sojojin yaƙin Biyetnam. A Janairun 2004 suka zaɓi zanen wani matashi da ba a san shi ba, Michael Arad: manyan tafkuna biyu masu kusurwa huɗu a sawun benayen, ruwa na kwarara cikinsu daga kowane gefe yana ɓacewa a wani rami na tsakiya. Shi Arad da farko so ya yi a rubuta sunayen mamata ba bisa wani jeri ba, domin mutuwar ma ba ta bi jeri ba. Iyalai suka ƙi. 'Yan kwana-kwana, waɗanda suka rasa mutum 343, suka ce a haɗa nasu wuri ɗaya bisa rundunoninsu. Wasu iyalan suka ce in an ware jami'ai, an nuna ran wani ya fi na wani ke nan. Aka yi kusan shekara uku ana wannan ja-in-ja, har a Disambar 2006 aka tsaya a kan tara sunaye bisa inda mutum yake da waɗanda yake tare da su a ranar, ba muƙami, ba shekaru. Sa'an nan aka rubuta wa kowane gida aka tambaye su, kusa da wa kuke son sunan naku ya kasance? Aka sami buƙatu wajen 1,200, na aminai, na abokan tebur ɗaya, na mutanen da ba su san juna ba sai a kan matakala a sa'ar ƙarshe, kuma aka biya su. Sunaye 2,983 ne a kan tagullar da ta kewaye tafkunan, har da na waɗanda suka rasu a Pentagon da jirgin da ya faɗi a Pensilbaniya da mutum 6 na harin 1993. Aka buɗe wurin ranar da harin ya cika shekara 10.

Mun tsaya a kan wannan ne don a ganinmu nan ne shawarar ta fi yin kyau a duk tsawon aikin, kuma dalilin a fili yake. An yi wa mutanen da suka fi kowa sani tambayar da su kaɗai ke da amsarta, an kuma aikata abin da suka ce. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Amma ba mu yarda cewa wannan iko ya shafi kowane lungu na filin ba. A Satumbar 2005 wasu iyalai suka matsa har gwamna ya kori wata cibiya da aka shirya kafawa a wurin don ba da tarihin gwagwarmayar neman 'yanci a duniya, bisa tsoron kada ta zama dandalin sukar Amurka a kan kabarin 'ya'yansu. Tsoron nasu abin fahimta ne, sai dai ba duk iyalai ne ke da wannan ra'ayi ba, waɗanda suka fi tsari da kusanci da 'yan jarida ne aka ji. A Mayun 2014 kuma, da aka mayar da ragowar sassan jikin da ba a tantance ba wata ma'ajiya a ƙarƙashin gidan tarihin wurin, wasu iyalai suka tsaya a bakin hanya da baƙin ƙyalle ɗaure a baki suna cewa ba a tambaye su ba, wasu kuma suka ce hakan ya yi musu daidai. Idan masu makoki kansu sun rabu biyu, wa za a ba ikon hanawa? Abin da muke iya cewa shi ne, a kan suna da gawa maganar iyali ce gaba, domin nasu ne tun kafin su zama na ƙasa. A kan titi da tasha da abin da za a koya wa baƙo kuwa, muryarsu ɗaya ce cikin muryoyi, ko da ta cancanci a saurare ta da ladabin da ya fi na saura.

Kada mai karatu ya ɗauka wannan matsala ta masu dogayen benaye ce kaɗai. A watan Agusta na 2023 wani sashe na tsohon Masallacin Juma'a na Zariya, wanda Babban Gwani Muhammadu Durugu ya gina a ƙarni na 19, ya rufta kan masu sallar La'asar, aka yi asarar rayuka. Duk tambayoyin da muka jero a sama suna nan a irin wannan wuri: a mayar da ƙasa da azara yadda magabata suka yi, ko a zuba siminti don kada a sake? Maganar wa za a bi tsakanin fada da masana tarihi da masu ba da kuɗi da waɗanda ke sahu a ciki kullum? Mun kuma ga yadda aka rushe wasu ƙofofin ganuwa a biranenmu don faɗaɗa titi aka mayar da su da bulo, mutanen unguwa suka wayi gari suka gani.

Waɗanda suka so tagwayen su dawo ba su tashi hannu rabbana gaba ɗaya ba. Tun ranar 11 ga Maris, 2002, wata shida bayan harin, aka kunna fitilu 88 masu ƙarfi kusa da wurin, aka jera su murabba'i biyu, haskensu ya miƙe sama kamar benaye biyu. Na ɗan lokaci aka shirya abin, amma mutane suka riƙe shi, ya zama ana yi duk daren 11 ga Satumba. A Agustan 2020 masu kula da wurin suka sanar cewa ba za a kunna ba a shekarar saboda annobar korona. Ba a kira taro ba, ba a raba maɓallai ba, amma surutun da ya tashi ya sa cikin 'yan kwanaki aka janye sanarwar, gwamnatin jiha ta kawo ma'aikatan lafiya don kula da masu aikin, aka kunna. Da yake lokacin ya dace da ƙaurar tsuntsaye zuwa kudu, hasken yakan ruɗe su su yi ta kewaya cikinsa har su gaji. Saboda haka akwai masu sa kai da ke kwana a wurin da tabarau mai hangen nesa suna ƙirgawa, in tsuntsayen sun haura dubu sai a kashe fitilun na minti 20 su wuce, sa'an nan a sake kunnawa.